Harƙiyar da Na Shuka wa Baba

Litinin, 6 ga Mayu

Yau kwana tara da Yaya ya kawo Baba gidana. Akwati ɗaya, tabarma ɗaya, sai tsohuwar fartanyar da ya rungume a mota ya ƙi saki. Yaya ya ce gidansa bene ne, babu tsakar gida, kuma shi da matarsa wuni suke a wurin aiki. Ni kuwa tun da maigidan ya rasu gida ya yi mini yawa. Haka ya faɗa, "Ya yi miki yawa, Auta," sai ka ce na taɓa kai masa kuka.

Baba bai san ni ba. "'Yar nan" yake ce mini. In na kawo abinci ya yi ta godiya irin wadda ake yi wa baƙo. Likita ya ce tsufa ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, ba a warkewa, sai dai lallaɓawa.

Tunda littafin nan ni kaɗai ke karanta shi, bari in faɗi gaskiya. Ba don ƙauna na karɓe shi ba. Hakki ne, zan sauke. Mutumin da bai taɓa ce mini sannu ba tun ina yarinya, kullum sai "koma ki sake, kin bar ciyawa a kunyar nan." Ina da shekara goma sha tara na bar ƙauye, na ce ba ni ba fartanya har abada. Ga ta yau a jingine a ƙofar ɗakin baƙina.

Laraba, 8 ga Mayu

Ya fita. Na dawo daga shago da rana na tarar da ƙofar gida a buɗe, takalminsa ɗaya a bakinta. Na yi ta zagaye unguwa kamar zararriya, tef ɗin awo na reto a wuyana.

Mai faci na bakin hanya ne ya gan shi. A tsakiyar babban titi, kan 'yar ƙasar nan da ta raba masu zuwa da masu dawowa, ya durƙusa yana cire ciyawa, motoci na wucewa ta gabansa da bayansa. Da mai faci ya kama hannunsa wai sai ya ce, "Bari in ƙarasa kunyar nan tukuna."

Na yi masa faɗa har muryata ta dishe. Bai ji ko ɗaya ba. Gefen titi yake kallo yana girgiza kai, yana cewa ciyawa ta cinye gona kuma babu mai kula.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na kulle ƙofar gida ta waje. Ya jawo durom ya taka ya haura katanga. Shekara tamanin da ɗaya! Ƙwaurinsa ya goge, an kamo shi a layi na biyu.

Juma'a, 10 ga Mayu

Na tafi da shi shago. Ya zauna shiru a bayan keken ɗinki, har na fara cewa na sami mafita. Ashe rigar wata mata ya samu, wadda na gama jiya. Ya bi ɗinkin yana tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya, ya tara su a gefe tsaf. Ina waigawa hannun riga ya rabu da jikinta.

Na rasa kuka zan yi ko dariya, ban yi ko ɗaya ba. Hannunsa ne ba ya iya zama, dole sai ya cire wani abu.

Lahadi, 12 ga Mayu

Yaya ya zo da kwaɗo sabo fil, da kafinta. Kafin in sa baki sun kafa ƙarfen rataya shi a ƙofar ɗakin Baba, ta waje. Ya ce ɗaki ne kaɗai Baba ba zai haura ba.

Na ce ɗakin tagarsa ɗaya ce, 'yar mitsitsiya, ga zafi. Na ce mutum ne, ba tunkiya ba. Ya ce, "To ranar da mota ta kwashe shi fa? Me za ki faɗa wa mutane, me za ki faɗa wa kanki?" Yaya ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika shi, shi kuma in ya tsorata sai ya sayo ƙarfe.

Mun rabu a kan magana ɗaya: in Baba ya sake fita ko sau ɗaya ne, a rufe shi. Na jefa kwaɗon da mukullinsa a gwangwanin maɓallai, na tura ƙarƙashin gado.

Asabar, 18 ga Mayu

Kwana biyar ban buɗe shago ba, gadi nake yi. Ranar Litinin aka yi ruwan farko.

Yau da safe na fito na same shi tsugune a gindin famfo. Harƙiya ce ta tsiro a wurin, ciyawar nan mai rarrafe da duk manomi ya tsana. Yana zarar ta da yatsu biyu, ya girgiɗe ƙasar saiwa, ya jera su a kan katanga saiwa na kallon rana. Daidai yadda yake yi shekara arba'in da suka wuce.

Har rana ta take bai dubi ƙofa ba. Ya cinye abincinsa tas, ya yi barci.

Lahadi, 19 ga Mayu

Ya gama da ita. Tsakar gida fes. La'asar na yi ya koma jijjiga ƙofa.

Litinin, 20 ga Mayu

Na shiga wurin maƙwabciyata, tsohuwar da kowa ke kira Gwaggo mai awaki. Na tsugunna na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, yaya ake shuka harƙiya?" Ta yi dariya har sai da ta dafa bango. Ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa jin wanda ya yi wannan tambaya ba, in bari ta kira awaki su ji. Da na faɗa mata dalili dariyar ta tsaya.

Ta share mini ƙasan ɗakin da take ajiye busasshiyar ciyawa, ta cika mini kwano da ƙura da ƙaiƙayi. Ta ce iri na ciki, na bara ne, ya fi sabo saurin fitowa. "Kar ki binne. Watsa a sama ki bi da ƙafa ki taka. In ba ta ga rana ba ba ta fitowa." Kafin irin ya tashi kuma, ta ce in tono manya daga bayan garkenta in dasa.

Ni ce yau da fartanyar Baba a bayan garken awaki. Allah ya sa ba wanda ya gan ni.

Talata, 21 ga Mayu

Na yi wauta irin ta tela. Na dasa su layi-layi, har da tef na auna tazara. Baba ya fito ya tsaya a kansu ya daɗe, hannu a baya. Bai taɓa ko ɗaya ba. Na ce, "Baba, ga ciyawa." Ya ce, "Wannan shuka ce. Ta wani ce." Ya juya ya nufi ƙofa.

Shekara saba'in yana noma, bai taɓa cire abin da wani ya jera a layi ba, ba kuwa zai fara yau don ni ba. Da ƙyar na tare shi da shayi.

Laraba, 22 ga Mayu

Na tumɓuke layukan na watsa su ko'ina, nan uku, can ɗaya, wasu a jikin bango. Na shuka masara layi huɗu a tsakiya don ya ga abin da yake karewa. Ya cire har azahar.

Asabar, 1 ga Yuni

Masara ta fito, irin Gwaggo ma ya fito, sirara kamar gashin jariri. Na raba tsakar gida gida uku a raina: inda yake cirewa, inda take girma, inda na watsa sabon iri. Da tsohuwar tabarma da kujeru nake tare masa biyun har lokacinsu ya yi.

Matsalar ita ce ya fi harƙiyar sauri. Kuma cirar gwani yake yi, duk wadda ta wuni a kan katanga ta mutu murus. Don haka na koma sata. In ya shiga cin abinci sai in kwashe na ƙarshe-ƙarshen da ya cire, in naɗe a jiƙaƙƙen buhu, gari na wayewa kafin ya tashi in kwantar da su a ƙasa in rufe gaɓoɓin. Duk gaɓar da ta taɓa danshi saiwa take yi. Kwana huɗu sun miƙe.

Ba Gwaggo ta koya mini wannan ba. Ina da shekara tara na koya. An ba ni kunya uku in nome, rana ta dame ni, sai na riƙa tura ciyawar ƙarƙashin ƙasa ina rufewa don in gama da wuri. Bayan mako guda kunyoyina suka yi kore shar a tsakiyar gona. Baba ya tsayar da ni a gaban kowa ya ce, "Ba noma kika yi ba, shuka ta kika yi." Na sake su duka ukun da yunwa a cikina, su Yaya na cin abinci a inuwa. Ban taɓa yafe masa wannan wunin ba.

Talata, 11 ga Yuni

Na koma shago sosai. Gwaggo na leƙo shi ta katanga, in ya tara ta aiko a kwashe wa awaki. Ta ce awakinta ba su taɓa samun ma'aikaci irinsa ba.

Na yanka tsofaffin jarkoki shida na jera a bayan shago, na huda ƙasansu, na watsa iri. Ajiya, ko da wani abu. Masu kawo ɗinki na tambaya wace fure ce. Na ce magani ne.

Alhamis, 20 ga Yuni

Ruwa kwana uku a jere. Kusurwar gabas ta zama tafki, saiwoyin can duk sun ruɓe, suna wari. Na haƙa 'yar hanyar ruwa zuwa magudana. Wadda ke inuwar bangon kicin kuma ta yi tsawo ta yi fari, ba ta da ƙarfi. Rana take so, da ƙasa mai shanye ruwa, da ɗan kashin awaki. Abin mamaki, ciyawar da ke fitowa a tsagar siminti ba tare da an gayyace ta ba, da na ce ina so sai ta tsiro da tsirfa.

Asabar, 22 ga Yuni

Wata guda cur bai taɓa ƙofa ba.

Lahadi, 7 ga Yuli

Ina yi masa yankan farce, ƙasa ta cika su. Ya ce, "'Yar nan, kin iya noma?" Na ce a'a. Ya ce, "Ina da wata 'ya, ita ma ba ta so. Amma hannunta da sauri, duk ta fi mazan." Sai ya koma kallon masara.

Na ƙarasa yankan. Na shiga kicin na wanke tukunyar da na riga na wanke. Me zan yi da wannan maganar yanzu? Shekara arba'in yana riƙe da ita, sai da ya daina gane ni sannan ya faɗa wa baƙuwa.

Laraba, 24 ga Yuli

Masara ta yi goyo. Baba ya yi ƙiba kaɗan. Ni bayana ke ciwo.

Lahadi, 4 ga Agusta

Yaya ya zo, rabonsa da gidan kusan wata uku, aiki ya kai shi nesa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon tsakar gida kamar ya shigo kango. Ya ce macizai, ya ce sauro, ya ce me mutane za su ce. "Auta, in aiki ya yi miki yawa ki faɗa mana." Na ce zan gyara.

Ban faɗa masa ba. Ya yi murna Baba ya daina fita, ya ce maganin likita ne ya karɓe shi, na ce haka ne.

Talata, 6 ga Agusta



Na kai Baba asibiti ganin likita, ranarsa ce. Mun dawo da yamma, tun daga ƙofa na ji wari. Ganye duk a jiƙe, ba kuwa ruwan sama aka yi ba. Sai ga wayar Yaya, muryarsa cike da fara'a: ya turo mai feshi da mukullinsa na ƙofar gida, an fesa maganin ciyawa lungu da saƙo. "Na hutar da ke. Ya ce kar kowa ya taɓa ganyen na 'yan kwanaki."

Gwaggo ta fita da awaki, ba ta nan. Na ce masa na gode. Wallahi na ce masa na gode.

Juma'a, 9 ga Agusta

Kwana uku ina tare Baba daga tsakar gida, don hannun da yake cira da shi da shi yake kai abinci baki. Komai ya yi rawaya, har masarar. Ya tsaya a taga ya ce, "Wa ya ƙone gonar?" Na ce ban sani ba. Ya ce a kira masa yaransa.

Asabar, 10 ga Agusta

Wanka kawai na shiga. Na fito durom na jikin katanga.

Awa biyar. Ni da Yaya da mai faci da rabin unguwa. Wani mai tura ruwa ne ya gan shi a ƙarshen gari, ya faɗa cikin kwalbati, kwalba ta yanke shi a tafin ƙafa. Ɗinki bakwai. A hannunsa akwai ciyawa dunƙule, sai da nas ta ɓamɓare yatsun.

Lahadi, 11 ga Agusta

Yaya ya miƙo hannu in ba shi kwaɗon. Na jawo gwangwanin maɓallai. Ya kasa kulle ɗakin Baba, ya tsaya da kwaɗon a hannu yana kallon ƙasa. Ni na karɓa na datse.

Na jira Baba ya buga ƙofa. Bai buga ba.

Laraba, 14 ga Agusta

Kwana uku. Ina buɗewa in kai abinci, in wanke ƙafar, in kai shi bayi, in mayar. Cokali biyu yake ci. Ya daina godiya. Yana zaune a ƙasa yana zare kabar tabarmarsa, ya kusa cinye rabinta.

Na kira Yaya. Ban san ina da irin wannan muryar ba. Na ce ciyawar da ka kashe shuka ta na yi, da hannuna, wata uku, kullum da sassafe. Na ce ita ce maganin, ba ƙwayar likita ba. Na faɗa masa jarkoki, da buhu, da kashin awaki, komai.

Ya ce, "Auta, me ya hana ki faɗa mini?"

Na kashe wayar. Amsar ita ce kunya na ji. Ba kunyar ciyawa ba. Ni ce wadda ta yi shekara da shekaru tana faɗa wa Yaya ba ruwanta da tsohon nan. Da wane baki zan ce ina tashi da asuba in shuka masa abin wasa? Girman kaina ne ya jawo ɗinki bakwai ɗin nan, ba feshin Yaya ba.

Asabar, 17 ga Agusta

An yi ruwa mai ƙarfi sau biyu, Gwaggo ta ce ya isa ya wanke maganin feshin. Na kwashe matattun na kai juji, ta ce ko kusa da awakinta kar su je. Na kankare saman ƙasa, na zuba sabuwa. Mai faci ya ara mini baro na kwaso jarkokin shida daga bayan shago. Sun cika sun tumbatsa har suna zubowa ƙasa. Na rarraba su na dasa a warwatse, na shuka wake layi uku tunda ya fi masara saurin fitowa.

Tafin hannuna ya yi kanta, allura ma ba na jin ta.

Alhamis, 22 ga Agusta

Wake ya fito. Na faɗa wa Yaya zan buɗe, in Baba ya fita laifina ne. Ya ce to.

Na buɗe ƙofar ɗakin na bar ta a wangale. Na ce, "Baba, ciyawa ta kama wake." Ya dube ni, ya dubi hasken, ya sunkuyar da kai. Har rana ta faɗi bai motsa ba.

Juma'a, 23 ga Agusta

Bai fito ba.

Asabar, 24 ga Agusta

Bai fito ba. Kwana goma sha ɗaya kacal muka rufe shi. Ya Allah, kar a ce mun makara.

Litinin, 26 ga Agusta

Na rasa dabara, sai na ɗauki fartanya na tsugunna daidai ƙofarsa na fara noma da gangan irin na banza. Ina tsinke ganye ina barin saiwa, ina taka wake. Ban daɗe ba na ji tsaki a bayana. Ya dafa bango ya fito yana ɗingishi. "Matsa. Wa ya koya miki?"

Na kawo masa 'yar kujera. Ya cire tafi guda a awa ɗaya, yana hutawa. Na shiga bayi na yi kukan da na yi mako biyu ina haɗiyewa.

Alhamis, 5 ga Satumba

Yanzu harƙiyar ce ta fi shi sauri. Ƙafafun sun ƙi komawa yadda suke, durom ma ba zai iya jawowa ba. Da yamma nakan rage masa a ɓoye don kar ta shaƙe waken ransa ya ɓaci. Da safe kuma in dasa masa 'yan ƙanana masu taushi kusa da kujerarsa, inda hannunsa zai kai, don manyan sun fi ƙarfin yatsunsa.

Talata, 10 ga Satumba

Zan rubuta yadda abin ya faru kar in manta.

Gari ya fara haske. Ina durƙushe kusa da kujerarsa da jiƙaƙƙen buhu, ina kwantar da su ina rufewa. Ban ji fitowarsa ba.

"Auta."

Wata huɗu ban ji sunan a bakinsa ba.

"Har yanzu ba ki daina binne ta ba?"

Na kasa ɗagowa. Shekarata arba'in da tara, amma wallahi jira nake ya ce ba abinci yau. Ya matso ya dafa kafaɗata ya zauna a kujera, ya leƙa aikin nawa.

"Kin zurfafa. Gaɓar kawai za ki rufe, ki bar kan a waje ya sha iska." Ya tura ƙasar da babban yatsa ya nuna mini. Na yi ɗaya. Ya ce, "Yauwa." Na yi wata. Ya ce, "Yauwa. Sannu."

Muka gama buhun tare. Ya ce in bar masa su sai jibi, yanzu ba su isa cira ba.

Da na kawo shayi ya karɓa da hannu biyu ya ce, "An gode, 'yar nan."

Tun yaushe ya sani? Ba zan taɓa jin amsar ba.

Lahadi, 15 ga Satumba

Yaya ya zo da buhu a bayan mota, gwiwar wandonsa duk laka. Wai ya tsaya a hanya ya tono mana. Na zazzage: ƙaya, da tsintsiya, da wasu da ban san sunansu ba, harƙiya ba ta fi tafi biyu ba. Gwaggo ta leƙo ta ce ɗan manomi ke nan, Allah ya shirya. Muka yi dariya mu uku, rabon da in yi dariya da Yaya har na manta.

Kafin ya tafi ya nemi sukundireba ya kwance ƙarfen ƙofar. Ramuka huɗu suka rage a jikin katako.

Laraba, 2 ga Oktoba

Likita ya ce zuciyar ta gaji. Ya ja ni gefe ya ce kar mu sa rai da damina mai zuwa.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Ruwa ya ɗauke. Harƙiya ta fitar da kai, kowane kai ya rabu kamar yatsu, 'ya'yan sun fara zuba. Gwaggo ta ce ƙarshenta ke nan, sanyi na shigowa za ta bushe, ba a yi mata dole.

Mako uku ke nan da azahar nake rufe shago. Na ce wa masu ɗinki idona ne ba ya son zare da yamma. Ina dawowa in ajiye kujerata kusa da tasa. Shi ya cire ɗaya, ni in cire goma, in tura su gefensa. Wani lokaci barci ya kwashe shi da ciyawa a hannu.

Na bar kusurwa guda ban bari an taɓa ba har ta nuna. Yau na murje kawunan a faranti, na busa ƙaiƙayin, na zuba a ambulan uku. Gwaggo ta ce a takarda ake ajiyewa, a leda gumi yake yi. Yaya ya gan su a kan keken ɗinki ya ce na mene ne, bayan abin da likita ya faɗa. Na ce na awakin Gwaggo ne. Bai ƙara tambaya ba.

Akwai wuri a jikin bangon yamma da rana ke daɗewa a kai. Gobe zan fara yi masa ban-ruwa safe da yamma, in rufe da buhu in iska ta yi sanyi. Wataƙila harƙiyar wurin ta kai mu Disamba.